Muryata ce ta ƙaryata ni a gaban yara

Assalamu alaikum 'yan wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Saƙon murya na tura mata ta rubuta muku, don ni ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya min a rai.

Ni tsohuwa ce a Birnin Gwari, daga wajen Randagi muka taso lokacin da daji ya ɓaci. A unguwarmu in an ce tatsuniya ni ake nufi, wajen kakata na gada, har matan aure kan fake da rako yara su zauna bakin tabarma. To akwai wata malamar firamare maƙwabciyarmu, yarinya mai ladabi, ta zo ta ce Iya, yaran ajina da yawa sun daɗe ba makaranta saboda gudun hijira, in na buɗe littafi sai su yi tsuru-tsuru, ki ba ni tatsuniya in ɗauka a waya. Har da ce min wai abin da ke kaina shi ma ilimi ne kamar na littafi, na ce na san da haka tun ba a haife ki ba. Na ba ta. Yaran suka zana hotuna, ta haɗa da muryata ya zama bidiyo, suna kallo a aji suna gwada rubuta abin da suka ji. Daga nan aka yi ta tura wa juna har ya shiga wayar kowane gida.

Ni kuwa ba na ba da tatsuniya iri ɗaya sau biyu. Fuskar yara nake kallo, in akwai marowaci a cikinsu sai rowa ta shigo labarin, in akwai mara lafiya in sassauta. Cikin waɗanda Malama ta ɗauka akwai ta wani mutum da ya shiga daji saran itace Dodo ya haɗiye shi, kuma ranar a nan na ƙarasa ta. Kwanaki yara suka taru suka ce ita suke so. Na fara ke nan na hango wata yarinya, sabbin zuwa ne daga Tabanni, 'yan bindiga sun ɗauke babanta a gona tun damina, har yau shiru. Sai na juya labarin, na sa mutumin ya tsaga cikin Dodo da gatarinsa ya dawo gida har da tsaraba. Yarinyar ta matso tana taɓa gwiwata. Kawai sai sauran suka ɗau hayaniya wai Iya ta manta, ba haka take ba. Na ce ni da tatsuniyata? Ɗaya ta ruga ta ɗauko wayar uwarta ta kunna, sai ga muryata raɗau tana cewa, "Tun daga ranar ba a ƙara ganinsa ba." Yarinyar nan ko kuka ba ta yi ba, takalminta ta ɗauka ta fita, kuma ba ta sake zuwa ba.

Washegari na aika aka kira min Malama na wanke ta tas. Na ce ta goge, ta ce ko ta goge tata ba ta da iko da wayoyin mutane. Ta ce to mu sake ɗauka da ɗaya ƙarshen su zama biyu, na ce wayar za ta ɗaga ido ta ga yaron da ke zaune gabanta ne ta zaɓa? Hawaye na zubo mata ta ce yaran da ko sunansu ba sa iya rubutawa yanzu suna haɗa baƙi, wasu har nasu labarin suke ɗauka, tana roƙon in ba ta sauran. Ɗana ma ya goya mata baya, wai taurin kai ne irin na tsufa. Shi da ko tatsuniya ɗaya bai iya kaiwa ƙarshe ba.

Abin haushin, ba ƙarya ta yi ba. Numfashina ya fara gajarta, waƙar cikin labari ma sai na huta a tsakiya, kuma kaf gidanmu ba wanda ya gaje ni. In na hana, labaran nan ni za su bi kabari. In na bayar, kowanne zai daskare yadda na faɗe shi rana ɗaya, ya riƙa faɗa wa kowane yaro ba tausayi, da muryata kuma.

To 'yan uwa, in ci gaba da ba ta ko in rufe bakina? Sannan yarinyar nan, ina so in je gidansu in ce mata wadda na faɗa mata da bakina ita ce ta gaskiya. In ta ce to ta wayar fa, muryar wa ce, me zan ce mata?