Tuwon Sule

Daren Alhamis, damina, 1970

Kofur Bala ya same ni a rumfata a kasuwar Ƙafin Maiyaki. Tare suka kai kansu soja da ƙanena Sule, bataliyarsu ɗaya. Na ce, "Kofur, ina ka baro mini ɗan rigimar nan?"

Ya ce, "Yaya, mu muka binne shi a dajin kudu. Hadari ya rufe rana, alƙibla ma kintace muka yi."

Na miƙa masa goro, na koma ciniki.

Ni da bakina ke sayar da gurgun jaki, na kasa gaya wa Inna. Ta rufe wa Sule tuwonsa, kamar kullum tun ƙarewar yaƙi. Da ta kwanta na cinye, ko gishiri ban ji ba. Gobe za ta ga akushin wayam, dole ta tambaya.