Sese da Murhun Duwatsu

Litinin, 4 ga Maris

Fenti tun safe. Mama Leata, shugabar cibiyarmu, ta ce masu duba aiki za su zo daga Apia, babban birni, su ga ko muna kula da masu jinkirin fahimtar nan yadda ya kamata. Har duwatsun bakin hanya na shafa wa fari. Yayana Sese yana kan tabarmarsa yana kallo. Ya miƙo hannu wai in ba shi burushi. Na ce bari, Yaya, kar ka ɓata riga.

Laraba, 6 ga Maris

Sun zo. Wata dattijuwar nas da wata budurwa, Fuatino.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Fuskarta irin ta Sese ce sak. Idanun, gajeren wuyan, har nauyin harshen. Na ɗauka kawo ta aka yi mu karɓa, har na ɗauko mata tabarma. Nas ta ce, "Ita ce mai dubawar. Ni rubutu ne nawa."

Mama ta zagaya da ita bayi, kicin, akwatin magani. Fuatino ta dangwali bango, fenti ya kama mata yatsa. Ta dube ni.

"Kai ne mai fentin? Bango ya ci jarrabawa. Saura mutane."

Alhamis, 7 ga Maris

Fuatino ta zauna a ƙasa gaban Sese, gwiwa da gwiwa. Ta ce me yake so wanda ba ya samu a nan. Shiru. Na ce koko yake so, da waƙa. Ko juyowa ba ta yi ba, ta ce da ni:

"Sunanka Sese?"

Na kama bakina.

Duk ƙauyen nan ni ake yi wa shaidar haƙuri. Yau na ga mai shi. Kaza ta ratsa rumfar da 'ya'yanta ta wuce. Yayyafi ya zo ya ɗauke. Ita ko motsi, kamar ba jirgin ruwan da ke jiranta. Can Sese ya ce, "Umu."

Wato murhun duwatsun da samari ke haɗawa su gasa abinci ranar Lahadi. Ya ƙara da, "Ni babba ne."

Tun ina yaye muke ɗaki ɗaya. Ban taɓa jin wannan ba. Ko dai ban taɓa jira ya ƙarasa ba.

Da rana muka yi yadda muka saba. Muka zaunar da su Sese, muka fara ba su gwaza da kifi, muna yi musu fifita, muka kawo ruwan wanke hannu. Mama ta ce da alfahari, "A nan kamar manyan baƙi muke ɗaukarsu."

"Kullum?"

"Kullum, 'yata."

"To yaushe za su zama 'yan gida?"

Kowa ya sani, saurayin da bai taɓa ɗaukar kwando ya yi wa manya hidima ba, ba shi da wurin zama cikin samari, ba shi da bakin magana. Mun sani. Ba mu dai taɓa sa Sese a lissafin ba.

Fuatino ta ce ita a gidansu ita ke kai wa babanta abinci. "Na fasa faranti har tsoho ya gaji ya koma na roba."

Juma'a, 8 ga Maris

Sun tafi. Kafin tafiyar, nas ta karanta mana rahoto: tsabta da kyau, abinci da kyau, amma ba a barin kowa ya yi wa wani komai. Mama ta shige kicin ta daɗe.

Na gaya wa Inna zancen umu. Ta ce, "Tanu, in ɗana ya ƙone, kai zan tambaya." Na ga dutse ya fashe a wuta da idona. Ba za ta yiwu ba.

Asabar, 9 ga Maris

Sese ya hau bencin gurzar kwakwa ya zauna. Ya ƙi koko.

Lahadi, 10 ga Maris

Kafin in farka Sese ya riga ni wurin murhu, ya ɗaura zane kamar na samari, ba riga. Pulu, sarkin tsokana, ya ce, "A'a, yau mai gida ya sauko? Wa zai yi mana fifita?" Sese ya ce, "Kakarka." Dariya har sai da Pulu ya zauna a ƙasa. Suka matsa masa wuri.

Kwakwa guda ya gurza, mu mun gama sauran. Ya yar da gwaza cikin toka. Sannan abin da nake tsoro: dutse ya lashe masa yatsa. Na zabura. Sai na tuna da Fuatino a gabansa, gwiwa da gwiwa, na tsaya inda nake. Ya dubi yatsan, ya tsoma a ruwa, ya koma ɗora ganyen ayaba.

Shi ya kai wa fasto kwandon abinci. Ya durƙusa kafin ya yi magana, ba wanda ya tuna masa. A coci kuwa babu wanda bai nuna wa bororon ba. Inna ta riƙe hannun ta daɗe tana kallo. Ni ba ta tambaye ni komai ba.

Laraba, 13 ga Maris

Mama ta sayo farantan roba. Ba ta ce don me ba.

Lahadi, 17 ga Maris

Shi ya yi wa Inna fifita yau. Ruwan wanke hannu rabi a kwano, rabi a tabarma. Ban tashi ba. Ƙafata ce ke ɗan ciwo.

Bayan manya sun gama muka zauna bayan kicin mu biyu, da abin da ya rage. Bai taɓa cin saura ba a rayuwarsa. Kan kifi guda ne a ganyen, muka kai hannu tare.

Ba bar masa na yi ba. Shi ne ya riga ni.