Ramin da Na Haƙa wa Kaset, Ƙarfe Na Binne a Ciki

Zuwa ga Shugaban masu gyaran rediyo da kaset na cikin birni,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, Alhaji, tare da iyali da duk masu zama a rumfunanku. Ni tsoho ne a Ƙofar Mazugal, ban yi boko ba. 'Yata Hauwa ce ke rubutawa, na ce kada ta gyara mini ko kalma ɗaya. Albishir na zo da shi, amma sai ka fara jin ƙorafina.

Na ɗaya. Ina da kaset goma sha ɗaya na muryar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tana lissafa gidajen unguwarmu: wa ya haifi wa, wa ya shayar da wa. Har gobe in za a ɗaura aure, ana zuwa zaurena a saurara. Bayan Babbar Sallah amfilifayata ta kama wani ƙugi, zuuu, ba tsayawa, har ya danne muryar Inna.

Na biyu. Rumfa uku na kai ta. Na farko ya sa nasa kaset, ya ji tas, ya ce wai kunnena ne ya tsufa. Na biyu ya canja mini lasifika, na dawo gida, ƙugi na nan daram. Na uku, a wajen Ƙofar Wambai, ko kallon kasusuwan bai yi ba ya ce sun mutu, in zubar. Na ce masa ko babu kaset a ciki tana ƙugin, ya yi dariya ya ce Baba ke nan. Cikinsu ba wanda ya tambaye ni me ya canja a gidan. Ba wanda ya tako.

Na uku. Wata biyu ina gardama, daga baya na sare. Da yake akwai sunan Allah a cikin kasusuwan, ba zan kai su juji ba. Ranar Laraba da hantsi na haƙa rami kusa da famfon tsakar gida, inda ƙasa ke da laushi, don in binne su. Na ce bari in ji Inna ji na ƙarshe. Na shiga ɗaki ba takalmi, ƙafata jiƙe, na kunna, na dafa ƙarfen bayan amfilifayar. Alhaji, tsit! Na ɗaga hannu, zuuu. Na mayar, tsit! Sau bakwai na yi, ina ƙwala wa Hauwa kira, ta fito da ludayi a hannu ta ɗauka faɗuwa na yi.

A nan na tuna marigayi Malam Bukar, mutumin Barno da ya haɗa mini kayan nan tun ina da ƙarfina. Ya ja wata siririyar waya daga bayan amfilifayar, ta bi ta taga, ya ɗaure a bututun famfo na ƙarfe, ya ce ta nan ƙugi ke sauka ƙasa, kada in bari a kwance. Na bi wayar da hannu har gindin famfo. Tana nan ɗaure tsaf, amma a jikin roba! Ashe gab da Sallah, da bututun ya yi tsatsa, mai aikin famfo ya sa na roba, kuma bawan Allah don ladabi ya mayar da wayar yadda ya same ta.

Na samo rodi, na kafa shi a ramin nan, na ɗaure wayar, na mayar da ƙasa. Wallahi har tarin Inna na ji, har dakan da ake yi a bayanta!

To ga roƙona. Ka tara mutanenka ka gaya musu, in abu ya yi lafiya a rumfa ya ƙi a gida, to su je gidan. Su cire kaset su saurara, su bi waya har ƙarshenta, su tambayi mai gida wane aiki aka yi kwanan nan. Kuma kada wani ya sake ce wa tsoho ya zubar da muryar iyayensa bai saurare ta ba. Rabin unguwar nan an koma bututun roba, Allah kaɗai ya san kaset nawa aka riga aka binne. Su ukun nan ban ambaci sunansu ba, na yafe musu, amma su zo zaurena Juma'a bayan la'asar. Na farkon ya zauna kusa da lasifika, mu ga kunnen wa ya tsufa. Shi kuwa na ukun, na san gidansu: kakarsa tana cikin kaset na huɗu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a sana'arku, ya jiƙan magabatanmu da naku.

Wassalam.
Dattijo mai ajiyar kaset, Ƙofar Mazugal.