Faɗuwar Babanki a Filin Kurket

Zuwa ga 'yata Marva,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangiji, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da mijinki Hadley da jikokina. Allah ya tsare ku daga sanyin Toronto, ya sa albarka a aikinki na asibiti. Mu nan Barbados lafiya lau muke. Ruwa ya sauka sosai bana, kicin kuma ya daina yoyo tun da kawunki Ezra ya hau ya gyara rufin. Gwaggonki Icilma ta samu sauƙin hawan jininta har ta koma cikin mawaƙan coci, ko da yake da ta ƙara hutawa da kunnuwanmu ma sun huta.

Na zaɓi in rubuto ne domin a waya kuka kike yi, ba kya bari in kai aya. Kin ce kin ga bidiyon babanki ya faɗi a filin wasa, kunya da tsoro sun hana ki cin abinci, har kin fara neman mana izinin zama, kina so mu sayar da gida mu taho wurinki. Na san ƙauna ce ta sa. Amma amsarmu ita ce ba za mu zo ba, kuma kada ki ɗora wa taurin kan babanki, bakinmu ɗaya da shi. Wanda ya ɗauki bidiyon nan ya kashe wayarsa da wuri. Ni ina wurin har ƙarshe, gani kuwa ya kori ji.

Ke kin tashi kin tarar da babanki direban bas ne. Ni Fitzroy ɗin da na aura ɗan wasan kurket ne, wasan da ɗaya ke jifa da ƙwallo ɗaya na tarewa da sanda; in zai yi jifa, daga kusa da bakin fili yake taso da gudu, mai riƙe da sanda yana jin ƙarar takunsa kafin ya ga ƙwallon. Shi da ƙungiyarsa sun je Ingila, sun je Indiya da Ostireliya, mu kuwa a nan mu cika shagon Mista Pilgrim muna kewaye da rediyo, kifi na ƙonewa a kasko ba mai kula. Abin da rediyo bai faɗa ba shi ne, kowace jifa a kan ƙafar hagu yake sauke nauyinsa duka. Sai da aka kai ana yi wa gwiwar allura kafin ya shiga fili. Ran da ƙungiyar ta ajiye shi ba wanda ya kira shi. Muna cin abinci aka karanto sunayen waɗanda za su yi tafiya, babu nasa. Ya cinye abincinsa tas, ya wanke hannu, sati bai zagayo ba ya samo aikin tuƙi. Fasinjoji su yi ta leƙen fuskarsa suna tambaya ko shi ne, ya ce shi ne, su matsa ciki akwai wuri. Bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Bara da ciwon suga ya ci ƙafar nan aka yanke ta, ke shaida ce, ma'aikatan asibiti yake tsokana.

To, 'yan tsohuwar ƙungiyarsa suka shirya wasa don a tallafa masa. Da suka zo gida sai suka ce za a tura shi a keken guragu a zagaya fili, jama'a na tafi, yara na bin layi da hula. Ya saurare su har suka gama, sannan ya ce shi bai mutu ba tukuna, in gawa suke son zagayawa da ita su ƙara haƙuri. Zai zo, amma da sharaɗin shi zai buɗe wasan da jifa, a tsaye, kuma Osbert ne zai riƙe sanda. Kin san Osbert, abokin wasansa na domino mai tumbin nan, wanda babanki ya taɓa karya wa haƙarƙari da ƙwallo suna samari. Tun daga ranar ya ɗaura ƙafar robarsa ya koma bayan gida yana jifan bango. Ya faɗi ba adadi, tukwanen furannina kuwa babu wadda ta tsira. Ban hana shi ba. Tun da aka yi aikin nan ban ji yana yin fito da baki ba sai a waɗannan kwanakin.

Ranar wasa fili ya cika har kan katanga. Babanki ya ja da baya kaɗan, ya taso, yana sauke ƙafar sai ta zame, ya kifa da fuska. Nan naki bidiyon ya ƙare. Mutum biyu suka rugo da keken, ya ɗaga musu hannu su tsaya. Ni kaina na yunƙura, sai na kama bencin da hannu biyu na zaunar da kaina, don na san in na shiga filin nan na gama da shi. Ya zauna a ƙasa, jini na zuba ta hanci, ya ƙara ɗaure ƙafar, ya miƙe shi kaɗai. Ya daɗe kafin ya miƙe, Marva, ba zan ɓoye miki ba. Alƙalin wasa ya matso yana lallashinsa, wai ya isa haka, kowa ya gani. Babanki ya ce masa, "Ɗana, jifa shida ake yi kafin a karɓi ƙwallo. Ko ɗaya ban yi ba. Miƙo." Osbert kuma daga can ya ɗaga murya wai shi bai ɗaure cikinsa da duk waɗannan kayan kariya don ya zo kallon tsoho yana barci a rana ba.

Ba zan ce miki jifar ta yi kyau ba. Wasu sun bauɗe, ɗaya Osbert ya make ta har waje, ya tsaya yana rawa. Amma ta ƙarshe ta doki ƙasa ta taso ta same shi a cinya, ya yar da sanda yana tsalle yana zagin kakannin babanki. Ramar giwa ta fi kwando goma. Mutane suka ɓarke da ihu, manyan maza na share ido. Har yau Osbert yana bin shaguna yana zage wando yana nuna shatin, matarsa ta ce ta gaji da ba mutane haƙuri.

Kada ki ɗauka ba na jin tsoro. Kullum ina duba dungulmin ƙafar da idona, likita ma ya gani ya ce babu rauni. Amma in na kawo shi inda zai wuni a bakin taga yana kallon ƙanƙara, ba mai zaginsa ba wanda zai zaga, ba zai kai baɗi ba. Tsohon doki sai mai shi. Yanzu haka makarantar unguwa ta roƙe shi ya riƙa zuwa ran Asabar yana koya wa yara jifa, kuma ya fara. In kina son ganinsa, ki kwaso yara ku zo Kirsimeti, ɗakinki na nan.

Ki gaida Hadley, ki gaida surukarki Madam Ianthe, ki sumbatar mini Keziah da ƙaramin Leroy. Ezra da Icilma suna gaishe ku. Babanki yana gefena, ya ce ki share hawayenki, in kuma lallai sai kin kashe kuɗi a kansa, ki aiko masa da takalmin wasa mai ƙusoshi a ƙasa, don santsin takalmi ne ya kayar da shi. Ya ce na ƙafa biyu za ki aiko, kuma in ja layi a ƙarƙashin biyun.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Eudine