Sun Cire Gammonka Daga Jikin Tsauni

Zuwa ga kakana, Malam Barau Soja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, daga Doha nake rubuto maka, raina a ɓace. Angona, an taɓa maka kaya.

Ka tuna tambarin rundunarku da ka jera da duwatsu a jikin tsaunin bayan gari, da ka dawo daga yaƙin Bama na zamanin Turawa? Mashi biyu a gicciye, gammo a tsakiyarsu. Duk ƙarshen damina kakan tasa mu gaba da bokitin farar ƙasa, mu shafe duwatsun har matafiya su hango daga titi.

Jiya na taso daga aiki a asibiti, ƙanena Sani ya turo min hoto. Wai ƙungiyar ci gaban gari ta gyara wurin. An zuba siminti, an yi fenti, an kafa allo. Masun suna nan. Gammon babu.

Na kira shugaban ƙungiyar, Kawu Lawal, ɗanka na cikinka. Wai baƙi za su riƙa zuwa, bai dace a ce jarumin garinmu ɗan dako ne ba. A allon ma sun rubuta igwa kake harbawa. Kai da ko bindigar toka aka buga ranar biki sai ka shige ɗaki! Na ji haushi har na kasa cin abinci.

Ban manta tabon tsakar kanka ba, inda gashi ya ƙi tsirowa. Ina tsokanarka cewa ba zan auri mai sanƙo ba, sai ka ɗora hannuna a wurin ka ce, "Nan harsashi ya hau, nan shinkafa ta hau, nan aka ɗora abokina Audu ranar da ya rasa ƙafa." Ba ka taɓa faɗin haka cikin kunya ba.

Mutanen Doha, Kaka, kwandon da kakanninsu ke nutso da shi neman lu'ulu'u suke sakawa cikin gilashi, su kawo 'ya'yansu kallo. A kasuwar Abu Hamour na nuna wa wani direba, ɗan Zongon Kumasi, hoton. Kakansa ma ya je Bama, a rundunarku. Abin da ya fara tambaya shi ne ina gammon. Baƙo ya san ka, ɗanka yana ɓoye ka.

Sani ya ce a kwazazzabon gindin tsaunin suka zubar da duwatsun gammon. Na riga na nemi hutu. Zan naɗe ɗankwalina in yi gammo, in hau da su a kaina ɗaya bayan ɗaya, da rana tsaka, Kawu yana kallo. In ya ga dama ya ƙara a allonsa cewa jikar ma 'yar dako ce.

Allah Ya sauke maka duk wani nauyi, Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa ka da Audu a Aljanna, kowa da ƙafafunsa.

Amaryarka mai tsiwa,
Hadiza
Nu'aija, Doha