Kan Shaf ɗin Motar Baba

Daren Alhamis, Gwandu

Yau Kawu Bello ya canza kan shaf ɗin motar marigayi Baba, 'yar kunkuru, mai ƙwas-ƙwas in an sha kwana. Tsufa ya sa hannunsa rawa, amma yana kama sifana rawar ta tsaya. Ya cusa giris, ya riƙa ɗaure notunan kaɗan-kaɗan, wannan sannan na ɗaya gefen. Na ƙosa, na ɗaga ƙafa zan taka sifanar.

"Sauke ƙafar nan! Ba ƙarhi taka so ba, daidai taka so."

Kunya ta rufe ni.

Da la'asar na kai Inna Kalgo a motar. A kowace kwana sai ta kasa kunne, shiru. Ta shafa kujera ta ce, "Haka take tafiya da yana raye."