Tsawon Kunya

Talata, 22 ga Afrilu

A sanar da mutanen Isa da Sabon Birni da duk wanda ke tsakaninsu: yau da hantsi Muntaka malamin gona, mai shekara hamsin da ɗaya, ya shawo kan alamar tauraro ta C, harshen kwamfuta. Ba a buga tambari ba. Kande matata ta ce in ɗauke kwamfutar daga kan tabarma, za ta shanya kuɓewa.

In rubuta yadda abin yake, don kada in manta. Na tattara awon ruwan sama na shekara goma daga tsofaffin littattafan ofis, na garuruwa biyar: Isa, Tozai, Sabon Birni, Unguwar Lalle, da ƙauyenmu, Gidan Na'Allah. Na shimfiɗa su kamar gona. Kowane gari kunya guda, kowane mako rami guda a kan kunyar, rami ashirin. Sai dai na'ura ba ta san gona ba. A cikinta kunyoyin a jone suke, inda ta Isa ta ƙare nan ta Tozai ta soma, ba ko gamba a tsakani. Fointa kuwa ɗan yatsa ne mai nuna rami. In kana son wani rami, sai ka ce masa:

*(p + gari*20 + mako)

Wato ya tsallake kunyoyi, sannan ya ƙirga ramuka. Daga sifiri ake fara ƙirga, don haka Isa ita ce sifiri. Ba za ni faɗa wa mutanen Isa ba.

Ka ba na'urar gari da mako, ta duba ruwan mako uku na gaba, ta amsa da kalma ɗaya: SHUKA ko DAKATA.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Na tura wa Zulaiha, 'yar Yaya Alhassan da ke karatun kwamfuta a Sakkwato. Na zaci guɗa za ta yi. Ta ce, "Baffa, mi ya sa kake lissafin da hannunka? Rubuta int (*p)[20], na'urar ta san tsawon kunya da kanta. In ka ce p + 1 sai ta tsallake kunya guda cur."

Na ce mata ni ina ninka lamba tun babanta bai ga mamarta ba. Ta yi dariya, ta ce to Baffa. Irin "to" ɗin da likita ke yi wa mai shan taba.

Juma'a, 2 ga Mayu

Na ƙara mako biyu a farko, saboda bara ruwa ya yi sammako. Yanzu ruwa[5][22]. Na gwada Isa mako bayan mako, littafi a buɗe a gabana. Ko ɗigo bai kauce ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Yaya ya kira daga kan tudu, inda waya ta fi kamawa. An yi ruwa jiya a Gidan Na'Allah, ƙasa ta jiƙa kamu guda.

Ba ƙaramar tambaya ba ce. Gonar tana bayan fadama, kuma shekara uku ke nan ba a zuwa can sai a ayari, a shiga da safe a fito kafin azahar, saboda mutanen daji. Ba a yin shuka sau biyu yadda ake yi da. Irin kuma na Baba ne, geron da ya zo da shi tun kafin a haife ni, mai gajeren kai, mai jure fari. Tiya huɗu ta rage a duniya.

"Ni dai raina bai kwanta da ruwan Mayu ba," in ji shi. "Amma kai kay yi boko. Mi injinka yac ce?"

Na tambayi na'urar. Isa: DAKATA. Gidan Na'Allah: SHUKA.

Bambancin ya ɗan tsaya mini a rai. Sannan na tuna garinmu na kusa da gulbi, na yi wa kaina bayani mai daɗi a kan laima da itatuwa. Na karanta littattafai da yawa, ba na rasa bayani.

Na ce, "Yaya, ku shuka."

Litinin, 19 ga Mayu

Sun shuka. Gida tara suka bi shi, don an ce ƙanen Alhassan yana da na'ura.

Laraba, 28 ga Mayu

Ba ruwa. Tsiro ya fito, in ji Yaya, kamar gashin jariri.

Talata, 3 ga Yuni

Kwana goma sha takwas. Hadari ya taso daga gabas da la'asar, ya tsaya ya dube mu, ya wuce Nijar. Ina fita tsakar gida ina kallon sama kamar in na matsa mata za ta ji nauyina. Kande ta daina tambaya.

Na sake tambayar na'ura. SHUKA. Ba ta ko ƙifta ba.

Asabar, 7 ga Yuni

Zulaiha ta yi Sallah a nan Isa, hanyar gida ba ta biyuwa. Yau ana suyar nama ta ce in ba ta kwamfutar. Na ba ta, ina cewa ta yi hankali da maiƙo.

Ba ta yi minti biyar ba.

"Baffa, rami nawa ne a kunya?"

Na ce ashirin da biyu.

Ta juyo da allon, ta ɗora farce a kan layin. gari*20.

Na ce ai na gwada. Na ce Isa ta fito daidai, mako bayan mako, da littafi a hannuna. Na ɗaga murya har Kande ta leƙo.

"Isa sifiri ce, Baffa. Sifiri sau ashirin, sifiri sau dubu, duk ɗaya. Isa ba ta iya yin kuskure."

Ta ɗauki gawayi ta zana mini a ƙasa, ni da na koya mata ƙirga da tsakuwa. Kowace kunya yatsan yana gazawa da rami biyu. Tozai biyu. Sabon Birni huɗu. Kafin ya kai garinmu ya gaza da takwas, bai ma shigo gonarmu ba, yana tsaye a ƙarshen kunyar Unguwar Lalle. Da na tambayi Mayun Gidan Na'Allah, ruwan ƙarshen Agusta na Unguwar Lalle ya karanto mini. Wa zai ga ruwan Agusta ya ce a dakata?

Na ce me ya sa na'urar ba ta yi ƙara ba, ba ta nuna ja ba. Ta ce C ba ya hana ka shiga gonar maƙwabci. Inda ka nuna, nan yake tonawa.

Ta miƙo mini kwamfutar. Geron babanta ne. Da ta zage ni da na fi samun abin riƙewa.

Lahadi, 8 ga Yuni

Garin da nake iya gani da idona shi kaɗai na gwada. Sauran, tun da hanya ta lalace, lambobi ne a wurina. Mafi nisa shi ya fi shan kuskure, kuma mafi nisa shi ne gidan ubana.

Ban ci naman ba.

Talata, 10 ga Yuni

Yaya ya kira. Tsiron ya ƙone, gonaki goma. Za su nemi iri a kasuwa in ruwa ya dawo, in an sami ayari. Fatsuma matarsa ta kakkaɓe gindin buhu ta sami abin da bai cika tafi biyu ba na irin Baba. Za ta zuba shi a bayan ɗaki, kusa da randa.

Ya ce, "Kada ka sa ma ranka, Muntaka. Inji na, shi ma ɗan Adam yay yi shi. Haka Allah Ya so."

Na ce haka ne. Na ce injunan nan sai a hankali. Har da 'yar dariya na yi.

Zulaiha tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba.

Juma'a, 13 ga Yuni

An yi ruwa da asuba, mai yawa, irin wanda ake jira.

Zulaiha ta koma jiya. Na gyara layin yadda ta ce tun Afrilu, int (*p)[22], ba don komai ba, ya fi gajarta ne. Na bi garuruwa biyar ɗin da littafi, rami ɗari da goma. Goma sha bakwai ga Mayu, Gidan Na'Allah: DAKATA.

Bayan masallaci na kira Yaya. Sau huɗu kafin ta shiga. Ina jin ruwa na zuba daga indararo a bayansa.

Na ce, "Yaya, ba injin ba ne. Zulaiha ta faɗa mini tun farko, na ƙi ji. Ni ne."

Sai ya ce mutanen gida tara ɗin suna nan zaure, ko in maimaita, ya sa a lasifika.

Na maimaita.